Mura ta kwantar da gidana kaf, in sayi kafso ko in dakata?

Maman Ummi: Assalamu alaikum mutanen zaure. Don Allah shawara nake nema. Tun ranar Juma'a da hazon nan ya sauko babu mai lafiya a gidana. Ummi ce ta kwaso ta daga lakwal, ta shafa wa Abba, ni ma ta kama ni, yau kuma maigidan ya tashi murya a shaƙe, ko sallama ba a ji. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙaramin, watansa 8. Hanci ya toshe, in ya kama nono sai ya tsotsa sau biyu ya saki ya fashe da kuka. Mai tallan magani da ke bi ta layinmu nan Zariya ya ce tunda majinar Ummi ta koma kore to murar ta nuna, sai an haɗa da amoksisilin, wai in ba kowa har jaririn. In saya?

Na Tasha: Wa alaikumus salam. Hajiya saya kawai. Ni da nake kan kabu-kabu tun asuba ina shaƙar ƙura daga tasha zuwa babbar kasuwa, duk hunturu sai ta kama ni. Kafso biyu da safe, biyu da dare, kwana uku na miƙe. Ban taɓa zuwa likita a kan mura ba.

Hajiya ta Mokoyo: Sannu 'yata, Allah Ya ƙara sauƙi. Sanyi ne ya shige su. Ki daina yi musu wanka da safe, ki hana su ruwan randa, ki sa musu hula da safa. Ki dafa citta da kanumfari da masoro ki matsa lemun tsami. Jinjirin kuwa ki lasa masa zuma, ki ɗiga masa man shanu a hanci. Da haka muka raini goma.

Majo mai ritaya: Maman Ummi, kada ki saya. Ki bar kuɗinki a ɗaure. Bari in idar da sallar la'asar in yi miki bayani a tsanake. Amma kafin nan, zumar da Hajiya ta faɗa kada ki ba ɗan wata takwas, ki ba manyan kawai.

Hajiya ta Mokoyo: Ikon Allah. Majo, zumar da Alƙur'ani ya ce akwai waraka a cikinta?

Majo mai ritaya: Allah Ya ja da ranki Hajiya, ban musa ba, ni kaina cokali guda nake sha kafin in kwanta in tari ya dame ni, kuma yana lafawa. Yaron da ya wuce shekara ɗaya ma a ba shi. Matsalar ta jinjiri ce. Zuma takan zo da irin wata ƙwayar cuta wadda hanjin babba ke gamawa da ita ba tare da ya sani ba, amma hanjin jariri bai ƙosa ba, sai ta tsiro a ciki ta fitar da dafin da ke saki jiki, yaro ya kasa tsotso, wani lokaci har numfashi. Ba kasafai take faruwa ba, amma in ta faru ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Man shanun ma ki yi mini haƙuri, maiƙo in ya zarce ta hanci yana iya sauka huhu.

Majo mai ritaya: To Maman Ummi, ga ni. Mura birus ne ke kawo ta, kuma ba iri ɗaya ba ne, sun haura 200. Shi ya sa ba a gama da ita: jikinka ya san wannan, bana sai ɗan'uwansa ya zo. Babba yakan yi sau 2 ko 3 a shekara, yaro ƙarami kuwa sau 6 zuwa 8 ba abin mamaki ba ne, balle mai zuwa lakwal ko makarantar allo. Amoksisilin da sauran antibiyotik bakteriya suke kashewa. Bakteriya tana da bango a jikinta, shi amoksisilin ke rushewa. Birus ba shi da wannan bangon, cikin ƙwayoyin hancinki yake shiga ya hayayyafa. Kin ga maganin ya zo bai tarar da abin da zai buga ba, sai ya koma kan bakteriyoyin kirki da ke cikin hanji, yaro ya kama zawo a kan murar da yake fama da ita.

Maganar majina kore kuwa, wannan ita ce jarin masu tallan magani. Kwana biyun farko majina ruwa ce tsararo, daga baya ta yi kauri ta koma rawaya ko kore. Launin daga sojojin jini yake, fararen ƙwayoyin da suka taru a hanci suna yaƙi, akwai wani sinadari mai kore a jikinsu. Haka kowace mura take tafiya, da kafso da babu.

Na Tasha: To Majo ni da nake warkewa fa? Ƙarya jikina yake yi?

Majo mai ritaya: Ƙanena, faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Yaushe kake sayen kafson? Ba ranar da ka fara atishawa ba, sai ta kai maka ko'ina, wato kwana na biyu ko na uku. To nan ne ƙololuwarta. Daga nan ko ruwan bunu ka sha gangarowa za ta yi, cikin mako guda zuwa kwana 10 ta tafi. Kafso ya karɓi godiyar da ba tasa ba.

Na Tasha: Ni dai na san abin da na gani.

Mushe Ɗan Gulbi: Bari in sa baki a kan maganar sanyi, don ita ce muke ta ja da ɗalibaina duk shekara. Turawan Ingila sun taɓa buɗe cibiya sukutum don mura kaɗai a garin Salisbiri, a 1946, ta yi shekara fiye da 40 tana aiki. Mutane ke kai kansu a ajiye su wajen kwana 10, a ɗiga musu birus a hanci a ga abin da zai faru. Har gwadawa suka yi: a sa mutum ya yi wanka, ya tsaya jiƙe inda iska ke kaɗawa, ya sa jiƙaƙƙiyar safa. Wanda ba a ɗiga wa birus ba bai kamu ba duk da rawar ɗarin da ya sha. A wannan cibiyar ne ma aka fara gano ɗaya daga cikin dangin korona masu kawo mura, tun shekarun 1960, tun ba a san za a yi wata korona mai rufe masallatai ba.

Alhaji Mai Atamfa: Mushe an fara darasi ke nan. Wai mutum da hankalinsa ya kai kansa a sa masa mura? Lallai wasu ba su da aikin yi.

Hajiya ta Mokoyo: Mushe, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. In ba sanyi ke kawo ta ba, don me ba ta cika gari a watan azabar zafi, sai yanzu da ɗari ya shigo?

Mushe Ɗan Gulbi: Inna, tambayarki tana kan hanya, kuma ba zan ce ba ki da gaskiya gaba ɗaya ba. Birus ɗin da ya fi kawo mura ya fi jin daɗin hayayyafa a wuri mai ɗan sanyi, wajen digiri 33, wato yanayin cikin hanci, fiye da digiri 37 na cikin jiki. In iskar asuba ta ƙara sanyaya hancin, garkuwar wurin takan yi sanyin gwiwa. Ga hunturunmu busasshe ne, yana busar da laimar da ke tare ƙura da ƙwayoyi, har hanci ya tsage ya yi haɓo. Sannan ki duba yadda muke kwana yanzu. Da zafi kowa na tsakar gida ko bisa soro, iska na wucewa. Yau kuwa mutum takwas ɗaki ɗaya, an rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma. Ɗaya ya yi atishawa, kowa ya samu rabonsa. Sanyi yana buɗe ƙofa, amma sai ɓarawon yana unguwa zai shiga.

Hajiya ta Mokoyo: To ai ka dawo kan maganata. A sa wa yara hula.

Mushe Ɗan Gulbi: A sa musu Inna, ban hana ba. A kuma wanke musu hannu da sabulu. A ajina yara fiye da 70, buta ɗaya, moɗa ɗaya a bakin randa, kowa ya share hanci da hannu ya ɗauki alli ya miƙa wa na kusa. Ta nan take bi fiye da ta wankan safe.

Maman Ummi: Na gode ƙwarai. Na fahimci zancen kafso. Amma Baba Majo ni jaririn nan ne damuwata, me zan yi masa yanzu-yanzu? Tun azahar bai sha kirki ba.

Majo mai ritaya: Yauwa 'yata, nan ne gizo ke saƙa. Jinjiri ta hanci yake numfashi lokacin da yake tsotso, in ya toshe dole ya saki nono. Ki aika farmasi a sayo miki ruwan gishirin wanke hanci, wanda ke cikin 'yan ƙananan robobi, ki ce siram na hancin jariri, ba shi da tsada. Ruwa ne da gishiri kawai, giram 9 a lita. Ki kwantar da shi a gefe, ki ɗiga biyu ko uku a ƙofar hancin da ke sama, ki juya shi ki yi wa ɗayan. Zai yi kuka, zai yi atishawa, majinar ta yi laushi ta fito, ki share da tsumma mai tsabta. Ki yi haka kafin kowane shayarwa da kafin barci. Nono kuwa kaɗan-kaɗan, akai-akai, kina ɗan tayar da shi zaune. Tunda ya kai wata 8 ki ƙara masa da kunu mai ɗumi da ruwa.

Kada ki shafa masa man zafi a hanci ko a baki. Kada ki ba shi siron tari ko na mura irin na manya, yara ƙanana ba su da abin da za su ƙaru da shi sai illa. Aspirin ma ba na yara ba ne. In jikin ya yi zafi, farasitamol gwargwadon nauyinsa, miligiram 15 a kowane kilo, tsakani awa 6. Ki duba karnensa, wato katin awonsa, ki ga kilo nawa aka rubuta a awo na ƙarshe.

Sai abu mafi girma, wanda nake roƙon duk uwar da ke zauren nan ta koya. Ki jira ya natsu ko ya yi barci, ki ɗage rigarsa, ki buɗe agogon salularki, ki ƙirga sau nawa cikinsa ke ɗagawa a minti ɗaya cur. Ɗagawa da sauka ɗaya ke nan. Daga wata 2 zuwa 11, in ya kai 50 ko ya wuce, numfashi ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40 ce. Ƙasa da wata 2 kuwa 60. Wannan lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya ne, da shi ake aiki a kowane CSI, wato ƙaramin gidan likita na unguwa. Ki kuma duba ƙasan haƙarƙarinsa: in yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, to wannan ba mura ba ce kuma, ciwon huhu ne, kuma a nan ne amoksisilin ke ceton rai. Shi ya sa nake jin zafin a ɓarnatar da shi a kan majina. Ranar da ake buƙatarsa da gaske sai a tarar ƙwayoyin sun saba da shi.

Maman Ummi: To bari in gwada, ya fara gyangyaɗi.

Alhaji Mai Atamfa: Kafin ta dawo, ni ma ga nawa. Bara a hanyar dawowa daga Kano, mun tsaya Jibiya mura ta rufe ni. Na sayi irin ƙwayar nan ta mura mai haɗe-haɗe na watsa biyu, na bi da farasitamol biyu, na kora da shayi mai kauri. Kafin mu kai Ɗan Isa zuciyata na dukan tara-tara, kaina kamar zai tsage, na ce wa direba ya tsaya in yi kalmar shahada a ƙasa. Ashe hawan jinina ne ya tashi.

Majo mai ritaya: Alhaji Allah Ya kiyaye gaba. Kuskure biyu ka yi a zama ɗaya. Yawancin waɗannan magungunan na mura akwai farasitamol a cikinsu tun asali, sau da yawa miligiram 500 a kowace ƙwaya, ka ga ka ninka ba ka sani ba. Babba kada ya wuce giram 4 a yini, in ya wuce hanta ce ke biya. Na biyu, abin da ke buɗe hanci a cikinsu jijiyoyin jini yake tsukewa, ba na hanci kaɗai ba, har na jiki duka. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya nisance su, mai ciki ma ta tambaya tukuna. Haka maganin fesawa a hanci mai buɗe shi nan take: in ka wuce 'yan kwanaki kana fesawa, hancin zai riƙa toshewa fiye da da in ka daina.

'Yar Jami'a: Baba Majo, bitamin C fa? A ɗakin kwananmu kowa na jefa irin mai tafasa a ruwa da zarar ya ji maƙogwaro na ƙaiƙayi.

Majo mai ritaya: Ba ya hana kamuwa, kuma in ta riga ta kama ki ba wani abin a zo a gani yake yi ba. Kuɗin ki sayi lemu da gwaiba.

Na Tasha: Ni fa abin da na lura, ku ma'aikatan likita ba ku son talaka ya taimaki kansa. Na taɓa kai ɗana wani wuri, tun safe muke layi har azahar, aka duba shi minti biyu aka rubuto mini ordonansi mai magani biyar, kusan jikka bakwai. A ciki har da antibiyotik ɗin da kuke cewa kada a sha. To wanne za mu kama?

Majo mai ritaya: Wannan kam ka ɗaure ni, kuma ba zan kare abin da ba daidai ba. Akwai abokan aikinmu da ke rubuta shi don kawai uwa ta ji an yi mata wani abu. In ka ce wa mutum je ka sha ruwan ɗumi ka huta, sai ya fita yana cewa likitan nan bai iya aiki ba, gobe ya tafi wurin wanda zai yi masa allura. Na yi shekara da shekaru ina shan wannan zargin. Amma kana da ikon tambaya: Majo, me ka gani a jikinsa da ya sa ka rubuta wannan? Wataƙila ya ga kunne ya yi ruwa, ko ya ji wani abu a ƙirji. In ya gani zai faɗa maka. Mai tire a ka, wanda maganinsa ya wuni cikin rana, ko ƙirjin yaron bai kalla ba.

Maman Ummi: Na dawo. Na ƙirga sau biyu don na farko na rikice, ina bin cikin da ido sai Abba ya shigo da gudu. Na farko 46, na biyu 44. Haƙarƙarin ba ya lotsawa, na haska da fitilar salula na duba sosai. An kawo siram ɗin, na ɗiga masa, ya yi ihu kamar na yanka shi, sai ga majina ta fito guda-guda. Yanzu haka yana kan nono, ya fi minti goma bai saki ba. Alhamdu lillahi.

Hajiya ta Mokoyo: Madalla. Allah Ya raya mana shi.

Majo mai ritaya: Barka. Ki sake ƙirgawa da dare da kuma gobe da safe. In ya kai 50, ko ya ƙi nono sam, ko yana amai da duk abin da ya sha, ko ya yi lakwas ba ya farkawa da sauƙi, ko ya yi jijjiga, kada ki jira gari ya waye. Kuma a garin nan duk yaron da jikinsa ya yi zafi a yi masa gwajin masassarar sauro, ɗan digon jini ne a yatsa, minti 15 zuwa 20 an gani. Kada a ce ai damina ta wuce, masu zama kusa da gulbi sun san sauro bai tafi duka ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, zafin jiki kaɗai ya isa a kai shi.

Mushe Ɗan Gulbi: Majo ka ƙara da sanƙarau, lokacinsa ne ke shigowa.

Majo mai ritaya: Gaskiyarka. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani da wuya ya sanƙare, ko maɗigar jinjiri ta kumbura, wannan gudu ake yi. Ƙyanda ma da kamannin mura take sallama: majina, tari, ido ja, sai bayan kwana uku ko huɗu ƙuraje su feso daga bayan kunne da fuska. Wanda ba a yi wa rigakafi ba a sa masa ido.

Hajiya ta Mokoyo: To sirace fa Majo, shi ma za ka hana? Ganyen turare da na bedi a tukunya, a lulluɓa da bargo.

Majo mai ritaya: Babba in yana jin daɗinsa ya yi, yana sassauta hanci na ɗan lokaci. Yara ne ban yarda ba. Na taɓa karɓar yarinya 'yar shekara uku da ta shure tukunyar a ƙarƙashin zane, tun daga cinya har ƙafa fata ta saluɓe. Murar ta warke cikin mako, ƙunar ta kai mu wata biyu muna wanki. Haɗinki na citta da kanumfari da lemun tsami kuwa ban da ta cewa, abu mai ɗumi yana kwantar da maƙogwaro. Abu ɗaya zan ƙara: kaskon gawayi a ɗaki rufe. Hayaƙinsa marar wari ke kashe mutane cikin barci. A ɗumama ɗaki a fitar da shi kafin a kwanta.

Hajiya ta Mokoyo: Yau dai na samu ɗaya da ka amince da shi.

Maman Ummi: Salam jama'a, na ce bari in dawo da labari tunda yau kwana shida. Ƙaramin ya warware, sai ɗan majina da safe. Ummi ta koma lakwal tun shekaranjiya. Maigidan ne har yanzu yake tari da dare, yana ta mitar da an bar shi ya sha kafsonsa da tuni ya wuce wurin.

Majo mai ritaya: Tarin bayan mura yakan kai mako biyu har uku, ki ba shi zuma da ruwan ɗumi. In ya haura haka, ko yana zufa da dare yana ramewa, ko ya ga jini a kaki, ya je a duba kakin, gwajin tarin fuka ke nan.

Na Tasha: Jama'a ni ma ta kama ni tun jiya, ina jin wani fasinja ne ya yi mini atishawa a ƙeya. Majo zan gwada taka ta kwana bakwai, amma in ban tashi ba kai za ka biya mini balas ɗin mai babur. Hajiya, wa ke da zuma mai kyau a Mokoyo, wadda ba a haɗa da sukari ba?

Hajiya ta Mokoyo: Ka biyo bayan magariba in zuba maka a kwalba. Ka zo da hularka a kai.